Yadda Ake Yanka Babban Falle Daidai a Injin Zarto na Tebur

Fallen MDF mai kaurin milimita 18, irin wanda ake yin wadirob da kabad ɗin kicin da shi, faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440. Nauyinsa yakan kai kilo 40 ko kusa da haka. Filawud mai wannan kaurin ya ɗan fi shi sauƙi, amma shi ma ba abin ɗauka da hannu ɗaya ba ne. Shi kuwa teburin matsakaicin injin zarto, daga gaba zuwa baya bai cika wuce santimita 70 ba. Ka ga ke nan a kowane lokaci na yankan, abin da ke kan teburin bai kai sulusin fallen ba, saura duk a iska yake.

Daga nan wahalar take tasowa. A farkon yanka nauyin yana gabanka, kana riƙe da shi, kana jin sa a hannu. Da zarar fiye da rabin fallen ya wuce bakin tebur ta baya, sai nauyin ya koma can, ya fara rinjaya ƙasa kamar amalanken da aka tara wa kaya a gindi, wutsiyar da ke wajenka ta ɗaga sama daidai inda faifan zarto yake. Mai yanka sai ya danna da ƙarfi don ya hana ta tashi. Hannunsa ya matso kusa da haƙora, hankalinsa ya bar shinge, wato ƙarfen nan na gefe da falle ke jingina da shi yana tafiya. Shi ya sa idan ka auna allon da aka yanka haka, sai ka tarar farkonsa milimita 600 cif, ƙarshensa 598, ga baƙin ƙuna, ga ɗan tudu a gefe. Da yawa sukan ɗora laifin a kan faifai ko a kan yaron shago. Ni a ganina, galibin yankan da ya karkace a ƙafa biyun ƙarshe ya karkace, kuma rashin abin da zai tarbi fallen a baya ne ya jawo.

Saboda haka teburin tarba, wanda ake girkawa a bayan inji, shi ne abin da za a fara gyarawa. Tsayinsa ya kasance ƙasa da teburin inji da milimita 2 ko 3. In ya fi shi tsayi ko da kaɗan ne, bakin falle zai ci karo da shi ya tsaya cik, kai kuma ka ƙara ƙarfin turi ba ka san me ya tare ba. In ya yi ƙasa da yawa, fallen zai sunkuya kafin ya same shi, an koma gidan jiya. Ɗora dogon miƙaƙƙen ƙarfe ko katako a kan teburin inji ya zarce zuwa kan na tarba, ka duba tazarar a dama da hagu da can ƙarshe. Ka kuma feƙe bakin teburin da ke fuskantar inji ya ɗan yi gangare, don falle mai lanƙwasa ya hau ba tare da ya maƙale ba. Daɓen shago ba ya zama daidai ko'ina, don haka a sa wa ƙafafun dogayen kusoshi masu noti da za a iya murɗawa sama ko ƙasa. Gutsuren katakon da ake cusawa a ƙarƙashin ƙafa, girgizar inji tana fitar da shi kafin azahar. A ɗaure teburin da jikin injin, kada ya riƙa ja da baya.

Tsawonsa kuma lissafi ne mai sauƙi. A lokacin da wutsiyar falle ta bar haƙoran baya, tsakiyar nauyinsa tana nesa da faifai da milimita 1220. Dole teburin ya wuce wannan wurin. Ka auna daga bayan faifai, ba daga bakin teburin inji ba: milimita 1300 shi ne mafi ƙaranci, 1500 ya fi kwanciyar hankali. Faɗi ma haka. Bayan yanka allo biyu ne ke fitowa, wanda kake so da ragowar, kuma kowanne yana bukatar wurin kwanciya. In shinge yana dama, ragowar da ke hagu in ba ta sami mazauni ba za ta faɗi tun ba a gama ba, ta ɓalle kusurwar ƙarshe, ko ta karkata ta daki faifai. Benci ɗaya a hagun inji, tsayinsa daidai da na tarba, ya wadatar. Saman duka ya zama mai santsi. Fomeka ko ragowar falle mai melamin sun yi, a goga musu kyandir. Kada a shafa mai, domin zai shiga katako ya hana fenti da gam kamawa. In kana amfani da abin turi mai gudu a cikin kwarmin teburin inji, ka yanke irin wannan kwarmi a teburin tarba, ya ɗan fi faɗi, don sandarsa ta sami hanyar wucewa.

Madogarin nan mai ƙafa ɗaya da rola a kai, wanda ake sayarwa a shagunan kayan aiki, ban yarda da shi ba a aikin falle. Rola tana tura abin da ke kanta zuwa inda ta fuskanta. In ta kauce kaɗan daga layin yanka, ko dai ta janye fallen daga shinge a hankali ba ka lura ba, ko ta matse shi a jikin faifai. Siririn falle kuma, irin na bayan kabad mai milimita 3 ko 6, yakan sunkuya ya daki rolar daga ƙasa ya kayar da madogarin gaba ɗaya. Gara shimfiɗaɗɗen allo mai santsi a kan ƙaramin benci.

A shaguna da yawa, daga 'yan katako na Na'ibawa a Kano har Panteka a Kaduna, wanda ke tarbar falle a bayan inji mutum ne, galibi yaro mai koyon aiki. In babu makawa sai haka, to a koya masa aikin sosai, don yana da ƙa'ida. Tafin hannu a ƙasan falle, yana tafiya da baya a hankali daidai da saurin mai turi. Ba ya ja, domin in ya ja ya ƙwace tuƙin daga hannun wanda ke ganin shinge. Ba ya ɗagawa sama da tsayin tebur. Ba ya haɗe allunan biyu wuri ɗaya, domin tsagar za ta rufe ta cije faifai, ba ya kuma buɗa su. Oga ya faɗa masa tun kafin a kunna: "Ka tallafa kawai, kada ka ja, ko ka ga na tsaya." Duk da haka ina roƙon masu shago su yi teburin. Rabin falle da katako huɗu ne kuɗinsa, kuma yana raba hannun ɗan mutane da haƙoran zarto.

Ta gaba ma ana son mataimaki: benci ɗaya, nesa da inji kamar mita ɗaya, wanda zai ɗauke nauyin kafin yanka ya kankama. Filin da ake bukata kuwa ya kusa mita 6 a miƙe, ƙafa 8 a gaba, ƙafa 8 a baya, da wurin tsayuwarka. Kafin ka kunna, sauke faifai ƙasa gaba ɗaya, ka tura fallen tun daga farko har ƙarshe kamar da gaske. A nan za ka gano buhun da ke kan hanya, da wayar da za ta harɗe maka ƙafa, da inda bakin falle ke maƙalewa.

Sai injin kansa, kuma a zare waya daga soket kafin a taɓa faifai. Abu biyu ne dole su tafi a layi ɗaya: faifai da shinge. Ɗaga faifan har ƙarshe, ka yi wa haƙori ɗaya alama, ka auna daga shi zuwa kwarmin tebur a gaba, ka juyo da wannan haƙorin baya ka sake aunawa. In awon ya bambanta, faifan a karkace yake, sai an sassauta an daidaita. Haka za ka auna shinge. Wasu sukan bar ƙarshensa na baya ya buɗe da kaurin takarda ɗaya, wannan babu laifi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya tsuke ta baya, domin zai riƙa cusa katako a haƙoran da ke tasowa. Bayan ka kulle shingen ka tura ƙarshensa da hannu. In ya motsa, fallen kilo 40 zai motsa shi fiye da haka, sai ka ɗaure katako a bayansa ya tokare shi. Awon faɗi kuma a yi shi da rula ta ƙarfe daga shinge zuwa haƙorin da ya karkato wajensa, a gwada a gutsure, a auna gutsuren. Tef ɗin da ka fara aiki da shi, da shi za ka gama, don tef biyu kan saɓa da milimita guda. In siririn falle za ka yanka, duba ƙasan shinge. In akwai tazarar da zai iya kutsawa, ɗaura allo a jikin shingen ya zauna daram a kan tebur.

Akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan faifai, wuƙar baya, wanda mutane ke cirewa su jefar a kwana. Haƙoran gaba ƙasa suke yi, suna danne katako a tebur. Na baya sama suke tasowa, suna nufo mai yanka. Faifai mai inci 10 da ke juyawa sau 4000 a minti, bakinsa yana gudun kusan kilomita 190 a awa. In tsaga ta rufe, ko allo ya juya ya hau waɗannan haƙoran na baya, injin zai yi shuri, ya wurgo allon cikin mai yanka kafin ya ƙifta ido, wani lokaci ya fizgi hannunsa zuwa faifai. Wuƙar baya tana zaune a cikin tsagar ta hana ta rufewa, ta kuma tare allo kada ya hau haƙora. Kaurinta ya fi na jikin faifai, amma bai kai faɗin tsagar ba, kuma tazararta da haƙora kada ta wuce milimita 8. Injinan da maƙera da masu walda ke haɗawa a gida suna aiki, suna da ƙarfi, amma da yawansu ba a sa musu ita. A koma wurin mai walda ya yi ta, a daidaita ta da faifai sosai. Murfin sama ma a bar shi a wurinsa.

Faifan tsaga katako mai haƙora 24 yaga fuskar filawud yake yi. Na falle ana son mai haƙora 60 zuwa 80 in inci 10 ne, mai kaifi, wanda aka wanke masa daskararren gam. MDF da allon ɓarɓashi suna dakusar da haƙora da wuri saboda gam ɗin da ke cikinsu. A injin tebur kyakkyawar fuska sama take kallo, domin haƙora ta sama suke shiga, ta ƙasa suke fita, kuma a wurin fita ake samun ɓantarewa. Faifan ya ɗara kaurin falle da kamar milimita 5 zuwa 10. In ka ga sama na ɓantarewa ka ɗan ƙara ɗaga shi, in ƙasa ce ka ɗan sauke. Falle mai melamin, wanda ake son fuskokinsa biyu su fita tas, sai a bi shi sau biyu: a fara da zurfin milimita 1 ko 2 a tsaga fatar ƙasa kawai, sannan a ɗaga faifai a yanke ba tare da an taɓa shinge ba. Murfin ramin faifai da aka yi da katako, wanda faifan da kansa ya huda, yana tallafar fatar ƙasa har bakin haƙori, kuma yana rage ɓantarewa ƙwarai.

Kafin yanka na farko, zana fallen a takarda ka jera allunanka a ciki. Zarto yana cin kimanin milimita 3 a kowane wucewa. Falle mai faɗin 1220 ba zai ba ka allo biyu masu 610 ba. Zai ba ka huɗu masu 300, da ragowar da ba ta fi milimita 10 ba, kuma wannan in gefen kamfani lafiya yake. Sau da yawa ba lafiya yake ba, don an jawo shi a ƙasa, an ɗaure shi da igiya a bayan a-kori-kura, kusurwa ta daku. Dabarar ita ce ka fara yanka da rarar milimita 5 zuwa 10, gefen kamfani mafi kyau yana jikin shinge, sannan ka juya allon, sabon gefen da ka yanka ya koma jikin shinge, ka cire rarar. Yanzu gefe biyu duk naka ne. Duk allunan da faɗinsu ɗaya ne a yanke su a kulli ɗaya na shinge. Bangon wadirob na dama da na hagu in sun fito 598 dukansu, wadirob zai tsaya. In ɗaya 600 ne ɗaya 598, ƙofa za ta tona asiri. Fallen da ya daɗe a jingine da bango, musamman da damina, yakan yi doro. A kwantar da shi a ƙasa mai lebur a danne shi kwana biyu, in ya ƙi, a rage shi da zarton hannu tukuna.

To, ga yankan. A ce shinge yana dama da faifai, kamar yadda aka saba. Ɗora bakin falle a tebur, ya jingina da shinge, amma kada ya taɓa haƙora. Kunna, ka jira ƙarar injin ta daidaita. Tsaya a kusurwar baya ta hagu, hannun dama a gefen baya yana turi gaba, hannun hagu a gefen hagu yana turi a karkace zuwa shinge. Ɗan ɗaga wutsiyar kaɗan don bakin gaba ya kwanta a tebur. Idonka a kan inda falle ya haɗu da shinge, ba a kan faifai ba. Faifai yana nan inda yake, ba zai kauce ba, fallen ne ke kaucewa, kuma alamarsa ta farko siririn haske ne tsakaninsa da shinge. Tafi da ƙananan taku, gudu ɗaya. Duk inda ka tsaya ka gyara riƙo, haƙora za su bar ƙuna a wurin. Ka saurari injin: in murya ta yi nauyi ka rage turi, in ƙauri ya tashi ka yi jinkiri da yawa ko faifan ya dakushe.

Da wutsiya ta iso bakin tebur, sai aikin hannu ya canja. Matsin hagu amfaninsa a gaban faifai ne kawai. In ka ci gaba da shi bayan an kusa rabuwa, ragowar kake matsawa a jikin haƙora. Don haka ka koma bayan fallen, ka maida ƙarfinka kan allon da ke tsakanin faifai da shinge, jikinka ba a saitin faifai ba. Milimita 300 na ƙarshe, in allon ba mai faɗi sosai ba ne, da sandar turi ake ƙarasa su. Tura shi har ya wuce wuƙar baya gaba ɗaya ya kwanta a teburin tarba. Ragowar ka bar ta inda take. Kashe inji, ka jira faifai ya tsaya, sannan ka zagaya ka ɗauka. Ba a miƙa hannu ta saman faifai, ba a kuma janyo falle baya yana juyawa. In ya cije a tsakiya, danne shi da kyau, a kashe, ya tsaya, sannan a duba.

Ɗauke wuta a tsakiyar yanka abu ne da kowane kafinta a ƙasar nan ya sani. Haɗarin yana wajen dawowarta. Makunni na gama-gari yana nan a kunne, in wuta ta dawo injin zai tashi da haƙoransa a cikin katako, wataƙila hannun wani na kusa. Da wuta ta ɗauke, riƙe fallen har faifai ya tsaya, kashe makunni, sannan ka janye. Mafi kyau a sa makunni mai maganaɗisu, wanda ke sakin kansa in wuta ta yanke, ba ya tashi sai an sake dannawa. Hannun riga a naɗe, kaftani mai yalwa a cire shi, babu safar hannu, babu zobe. Tabarau a ido, abin toshe kunne, da takunkumi mai kyau, domin ƙurar MDF gari ce mai laushi haɗe da gam, tana daɗewa a iska, kuma tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Yankan gicciye, wato raba tsawon ƙafa 8, shi ne inda ƙaramin inji ke gazawa. Ƙa'idar ita ce gefen da ke jingine da shinge ya fi tazarar da ke tsakanin shinge da faifai tsawo. In aka saɓa, allon zai juya a tsakaninsu, shuri ke nan. Ko da an cika ƙa'idar, cire milimita 600 daga kan cikakken falle yana barin fiye da 1800 a hagu suna murɗa maka hannu. Manyan masana'antu suna da inji mai tebur mai zamiya wanda ke ɗauke da fallen ya wuce da shi gefen faifai, irin wanda Wilhelm Altendorf ya fara ƙerawa a Jamus a 1906. Wanda ba shi da shi, ya shimfiɗa fallen a kan katakai huɗu a ƙasa, ya ɗaure miƙaƙƙen allo a matsayin jagora, ya raba shi da zarton hannu mai lantarki da rarar milimita 10. A nan kyakkyawar fuska ƙasa take kallo, don haƙoran wannan zarton ta sama suke fita. Guntayen sai a kai su injin tebur a gyara su a kan akwatin gicciye mai gudu a kwarmi. Kada a haɗa abin turin gicciye da shinge a yanka ɗaya, kada kuma a bi layin fensir da hannu zalla babu jagora.

Bayan allo ya fito, auna faɗinsa a wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe. In ya tsuke a ƙarshe kaɗai, koma ka duba teburin tarba da yadda ka ƙarasa turi. In ƙuna tana gefen shinge tun daga farko har ƙarshe, shingen ya tsuke ta baya. In ɗan tudu ne a wuri ɗaya, nan ne ka tsaya ka canja hannu. Sannan ka ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka sake a ɗaya ɓangaren. A bangon wadirob mai tsawon mita 2, in awon biyu ya saɓa da fiye da milimita 2, gyara shi yanzu kafin a manna masa tef ɗin gefe. Allunan da ya kamata su zo ɗaya ka ɗora su kan juna ka shafa gefen da yatsa, zai ji bambancin da ido bai gani ba. Rubuta wa kowanne sunansa da awonsa da fensir a gefe, ka kwantar da su a shimfiɗe har lokacin haɗawa.